Mercedes ML 320 CDI mai kilomita 250,000: abin da za ka duba kafin ka biya kuɗinta a Sudan

Duk wanda ya tsaya gaban Mercedes ML 320 CDI a dalalar motoci, wato kasuwar dillalai, ya leƙa kujerun fata, ya ji nauyin ƙofarta in ta rufu, sannan dillali ya faɗi kuɗin da bai kama ƙafar na Land Cruiser sa'arta ba, dole ransa ya biya. Motar tana da kyau, tana da daɗin tuƙi, kuma injinta ba rago ba ne. In an kula da shi yana wuce kilomita 300,000 ba a buɗe cikinsa ba. Amma araha ba ta ado. Kuɗin da za ka miƙa wa mai ita kashi na farko ne kawai, kashi na biyu yana jiranka a gareji. Girman wannan kashi na biyun kuwa ana iya gane shi tun kafin ciniki, in mai saye ya san inda zai sa ido.

An ƙera wannan samfurin, wanda kamfanin ke kira W164, daga 2005 zuwa 2011. Injin dizal ɗinsa shi ne OM642, silinda 6, lita 3, ƙarfin doki 224, haɗe da giya mai canza kanta har hawa 7, wato 7G-Tronic. Wannan injin ne dai a cikin GL 320 CDI da S 320 CDI da kuma E 320 CDI na 2005 zuwa sama, saboda haka yawancin abin da za a faɗa a nan ya shafe su. Tankinta lita 95 ne, a doguwar hanya tana shan kusan lita 10 a kilomita 100, a cikin gari da sanyaya a kunne ta kai 12 ko 13. Tanki ɗaya zai kai ka Kassala daga Bur Sudan da ragowa mai yawa.

Ɗan'uwa, kafin ka ɗaga bonet, fara da takardu. Tun da yaƙi ya ɓarke a watan Afrilun 2023 an kwashe motocin mutane ba adadi, musamman a Khartum da Madani, kuma wasunsu sun dawo kasuwa da sabon fenti da sabuwar lamba. Lambar shasi tana da haruffa da alƙaluma 17. Karanta ta a ƙasan gilashin gaba, karanta ta a takardar da ke manne a ginshiƙin ƙofa, sannan ka nemi wadda aka buga a jikin ƙarfen motar, ka shafa da yatsa ka ji ko an goge ko an yi walda a kewayenta. Duka ukun su zo daidai da abin da ke cikin shahadar bahas, wato takardar mallakar mota, da takardar jamarik, wato kwastan. ML da aka yi wa kasuwar Turai lambarta tana farawa da WDC164, ta Amurka kuma da 4JG. Kada ka yarda da taukil a kan taukil, wato takardar wakilci a kan wata takardar wakilci. Ku je ofishin murur, wato 'yan sandan hanya, tare da wanda sunansa ke kan takarda, a duba ko akwai rahoton sata a kanta, a juya suna a gabanka. Motar da ta shigo ta ɓarauniyar hanya ba kwastan, irin waɗanda ake kira Boko, komai kyanta ka bar ta.

Akwai kuma wata matsala da halin da ake ciki ya haifar: motar da ta yi shekara biyu a ajiye cikin rana ba a tashe ta ba. Mai ita zai yi maka alfahari da ƙarancin kilomita, alhali zaman ya fi tafiya yi mata illa. Robobi sun bushe, ɓeraye sun ci wayarin, dizal ɗin da ya kwana a tanki ya tara ruwa da dauɗa mai yauƙi, man birki ya sha raɓa. Duba alƙaluma huɗu na ƙarshe a lambar DOT da ke gefen taya: 2319 na nufin mako na 23 na shekarar 2019. Tayar da ta haura shekara 6 a zafin Sudan ta gama aiki ko da zanenta bai cinye ba.

In takardu sun yi kyau, ka ce za ka zo da sassafe, kuma kada kowa ya tashi motar kafin isowarka. Ɗora hannu a kan inji ka tabbatar ya kwana da sanyi. Yawancin dillalai sun san cewa inji mai ɗumi yana ɓoye aibi, shi ya sa za ka tarar an riga an ɗumama maka ita. Murɗa makulli, jira fitilar hita ta mutu, sannan ka tayar. Lafiyayyen OM642 yana kamawa cikin daƙiƙa ɗaya ko biyu, ya zauna lafiya ba rawa. In ka ji ƙarar sarƙa daga gaban inji na ɗan lokaci sannan ta yi shiru, sarƙar taimin ta fara miƙewa ko abin ɗaure ta ya saki. Ka tsayar da wani a bayan salansa. Ɗan farin hayaƙi da ya ɓace nan take ba komai ba ne. Farin da ya ƙi ƙarewa mai warin ɗanyen dizal, matsalar nozul ce, wato abin da ke fesa dizal cikin silinda. Shuɗi, baƙin mai ne ke ƙonewa, daga turbo ko ringi. Bayan inji ya ɗan ɗumama, kwance murfin baƙin mai ka ɗora shi a bakinsa ba ka ɗaure ba. In yana ɗan motsi a wurinsa, ba laifi. In iska tana tunkuɗe shi tana fitar da hayaƙi fuf-fuf, ringi sun gaji, cinikin ya ƙare a nan.

Sai ka cire murfin roba da ke saman injin ka haska gindin nozul guda 6 ɗaya bayan ɗaya. Kowane nozul yana zaune a kan ɗan wasan jan ƙarfe, wato zobe, wanda ke hana iskar ƙonewa fitowa. In wasan ya ci, za ka ji sautin tsit-tsit-tsit yana bin bugun inji, ka ji warin hayaƙi a cikin mota, ka ga wani baƙin abu kamar kwalta ya taru ya daskare a kewayen nozul. In an kama shi da wuri aikin awa ɗaya ne: a tsabtace mazaunin, a sa sabon wasa da sabuwar ƙusar ɗauri, domin tsohuwar ta riga ta miƙe, ba a maimaita ta. In kuwa an bar shi ya shekara, kwaltar takan riƙe nozul har sai an fasa shi kafin ya fito, wani lokaci zaren ƙusar ya tafi da shi a cikin kan silinda na alminiyam. Nozul ɗin nan na Bosch ne mai aiki da lantarki, yana fesa mai da matsin da ya kai bar 1,600, kuma kowanne yana da lambar da sai an shigar wa kwamfutar mota. Ba irin na tsohuwar tirakta ba ne da usta, wato makaniki, zai gyara a kan benci.

Aibin da injin nan ya fi shahara da shi kuwa shi ne yoyon oyil kula, wato ɗan akwatin da ke sanyaya baƙin mai. An binne shi can ƙasan kwarin da ke tsakanin layukan silinda biyu, wurin da ya fi ko'ina zafi. Robobi biyu ne ke toshe bakinsa. Na asali masu launin lemo ne, zafi yana busar da su su taurare, sai a 2010 kamfanin ya canza su da masu launin shunayya waɗanda suka fi jure wuta. Man da ya tsiyaya yana taruwa a kwarin, ya gangara ta baya ya fito a mahaɗar inji da giyabos, shi ya sa makanikin da bai san motar ba zai ce maka sil ɗin bayan inji ne, a sauke giya a banza, yoyo ya ci gaba. Robobin ba su da tsada ko kaɗan. Isa gare su ne aiki: sai an cire turbo, an cire bututun shigar iska na ɓangarorin biyu, an cire filtar dizal da layukanta, aikin da ke cin awa 8 zuwa 12 a hannun wanda ya iya, kuma duk gaskit ɗin da aka taɓa sai an sa sabo. Shiga ƙarƙashin motar, sa a kwance farantin da ke rufe cikinta, ka duba. In ka tarar an wanke inji tas yana ƙyalli, kada ka ji daɗi. Ka yi tafiyar gwaji ta minti 40 ka dawo ka sake haskawa. Tambayi mai ita ko an taɓa yin aikin, da wane launin roba. Wanda ya biya kuɗin wannan gyaran ba ya mantawa, zai ba ka amsa ba inda-inda.

Dab da wurin akwai wani yoyon ƙarami wanda ɓarnarsa ta fi shi girma. A bakin turbo, inda bututun iska ke shiga, akwai zoben roba. In ya saki, mai yana ɗiga kai tsaye a kan ɗan injin lantarkin da ke buɗe ƙananan murafan cikin bututun shigar iska. Man ya shiga cikinsa ya ƙone shi, fiyus ya tsinke, fitilar inji ta kama, mota ta rasa ƙarfi tana tafiya da ƙyar. Wasu sukan cire filoginsa su liƙa rizista mai ohm 4,700 don kwamfuta ta ɗauka yana nan lafiya. Motar za ta yi tafiya haka, mutane da yawa suna hawa, amma haƙƙinka ne ka sani kafin ka biya, kuma a rage maka a farashi. Leƙa ƙarƙashin bakin turbo da tocila, in ka ga filogi naɗe da salatif, ka gane.

Ƙura ita ce babbar abokiyar gabar wannan injin a ƙasarmu. Filtar iska biyu gare shi, ɗaya a kowane gefe. Ciro su ka shafa yatsa a cikin bututun da ke bayansu, ɓangaren da ya kamata ya kasance tsaf. In yatsanka ya fito da garin ƙasa, to habub, wato guguwar ƙura, ya daɗe yana shiga inji, ko dai filtar jabu ce ko ba a zaunar da ita daidai ba. Cire bututun ka dubi fikafikan turbo: gefensu ya zama mai kaifi, ba a cinye ba. Kama sandar tsakiya ka girgiza. Ɗan motsi gefe da gefe ana yarda da shi, amma in tana gaba tana baya ko tana gugar bango, turbo na kan hanyarsa. Haska kuma tsakanin lagireto da na sanyaya, domin nan ƙura da ciyayi ke toshewa, kuma daga waje ba a gani.

Maganar man dizal ita ce ta fi damun duk wanda ya san injin nan. Famfonsa da nozul ɗinsa da dizal ɗin kansa suke samun santsi, don haka ruwa kaɗan ko yashi kaɗan ya isa ya kashe su. Wanda ke sayen jazolin, wato dizal, a gidan mai tsayayye ya fi kwanciyar hankali. Wanda kuwa hanyarsa ke bi ta inda sai na durom da jarka, gaskiya wannan ba motarsa ba ce. Roƙi a cire filtar dizal, tana nan saman inji, a juye abin da ke cikinta a farin kwano. Ruwa zai kwanta a ƙasa. In ka ga ƙyalƙyalin garin ƙarfe, famfo ya fara cin kansa, garin kuma ya riga ya zaga layuka da nozul har ya koma tanki. Gyaran wannan yana iya kusantar kuɗin motar. Juya ka tafi.

Yawancin waɗanda suka fito daga Turai suna da tukunyar tace hayaƙi a salansa, wadda ake kira DPF. Tana tara baƙin toka, sai mota ta yi doguwar tafiya da zafi ta ƙone shi. Zirga-zirgar cikin gari da dizal mai yawan sulfa suna toshe ta, kuma duk lokacin da ƙonawar ta katse, ɗanyen dizal yana gangarawa cikin baƙin mai. Shi ya sa in ka auna mai ka ga ya haura alamar sama, ba alheri ba ne. Da yawa an riga an fasa tukunyar an kwashe cikinta, za ka ga tabon walda a jikinta. In an yi haka ba a gyara manhajar kwamfutar ba, motar za ta riƙa kamewa lokaci-lokaci. Ita kuwa ta Amurka mai suna BlueTEC, daga 2009, ba ma ba da shawararta ko kaɗan. An yi ta ne don dizal mai tsabta sosai, tana buƙatar ruwan AdBlue wanda zafi ke lalatawa in ya daɗe a ajiye, kuma in tsarin ya samu matsala sai ta fara ƙirga maka sauran tashi nawa kafin ta ƙi tashi gaba ɗaya. Ƙari a kan haka, motocin gwanjon Amurka da dama ambaliya ko haɗari ne ya fitar da su.

Kada ka saya ba a sa mata kwamfuta ba, kuma ba ƙaramar na'urar nan ta cikin aljihu ba. Ta Mercedes ake so, Star ko Xentry, wadda ke shiga kowane akwati: inji, giya, birki, balan-balan ɗin ƙafa. A duba adadin gyaran da kwamfuta ke yi wa kowane nozul yayin da mota ke tsaye tana aiki. In ɗaya ya yi nisa da 'yan'uwansa, shi ne mai ciwo. A duba matsin mai da ake nema da wanda ake samu. Motar da ta shekara 15 amma ba a ga ko tsohon kuskure ɗaya a ajiye ba, an goge ne jiya, sai a sake karantawa bayan tafiyar gwaji. Kilomita ma ba a allon mita kaɗai take ba. Akwatin makulli yana riƙe da ita, tarihin sabis yana riƙe da ita, kuma kurakuran da aka ajiye sukan zo da kilomitar da suka faru. Mita tana cewa 160,000, kuskuren giya yana cewa 290,000, ka san wanda za ka gaskata. Fatar sitiyari da robar birki da gefen kujerar direba su ma ba sa ƙarya.

A kan hanya, hankalinka ya koma kan giya. Taka totur a hankali tsakanin gudun 50 da 70. In ka ji wata 'yar karkarwa a ƙasan kujera, tok kwambata ne, wato abin da ke haɗa inji da giya, ko man giya da ya tsufa. Rage gudu har ka tsaya, ka ji ko tana dukan baya in za ta sauko daga 2 zuwa 1. Ciwon da aka fi sani da wannan giyar shi ne farantin lantarkin da ke cikinta, mai ɗauke da na'urorin auna gudu. In ya fara mutuwa, mota tana maƙalewa a giya ɗaya bayan ta yi zafi, ka kashe ka tayar ta saki, kwamfuta kuma ta nuna P0717 ko P2767. Farantin an ɗaure shi da lambar motar, ba a ɗauko na tashlih, wato inda ake kwance tsofaffin motoci, a dasa kawai. Ko a gyara naka, ko a sa sabo a yi masa shiri da kwamfuta. Ya kamata a canza man giya duk kilomita 60,000, kusan lita 9 ne in an haɗa da na tok kwambata, ba ta da sandar awo, ta ƙasa ake cika ta man yana kan zafin digiri 45. Kafin tsakiyar 2010 man ja ne, mai lamba 236.14, bayan nan shuɗi, 236.15, kuma ba a gauraya su. Daga tsaye ka taka da ƙarfi sau ɗaya: ƙarar ƙas-ƙas daga tsakiyar mota sarƙar akwatin raba ƙarfi ce ke tsallake haƙora, abin da tayoyi masu bambancin girma ke jawowa. Wanda ke Bur Sudan yana da wurin gwaji da babu kamarsa, hawan Akaba daga Sawakin zuwa Sinkat. Hau shi da rana, sanyaya a kunne. Ma'aunin zafin ruwan inji ya tsaya kusa da 90, in ya ɗan haura ya dawo. In ya doshi 110 ya ƙi saukowa, ko mota ta yanke ƙarfi a tsakiyar hawa, ka ga abin da za ta yi maka a watan Mayu.

ML tana zuwa iri biyu, mai sifirin na ƙarfe da mai balan-balan ɗin iska, Airmatic. GL da S kuwa ba su zo da sifirin na ƙarfe ba. Daɗin ta iska ba a magana, amma ga hanyoyin Gadarif da Damazin bayan damina mai ƙarfen ta fi kwanciyar rai nesa ba kusa ba. In ta iska ce, auna daga ƙasa zuwa bakin mudgad a kusurwa huɗu da yamma, ka sake aunawa da safe kafin a tayar. Kusurwar da ta sauka fiye da santimita 2 tana yoyo, kuma balan-balan mai yoyo shi ke ƙone kwamfaresa. Buɗe but ka ɗaga shimfiɗar gefen dama: ruwa yakan bi ta robar fitilar baya ya sauka a kan akwatin lantarkin da ke wurin, sai fitilu da abin goge gilashin baya su riƙa aiki yadda suka ga dama. Motar da ta zauna a bakin teku, a leƙa tsatsa a bututun birki.

In an kwatanta ta da sa'o'inta na Turai, ML tana gaba. Range Rover Sport mai injin TDV6 an san shi da karyewar kuranshaf, abin da ba ya ba da sanarwa. BMW X5 mai injin M57 inji ne nagari, sai dai murafan bututun iskarsa na farko sukan karye su faɗa cikin silinda. Ita kuwa Land Cruiser 100 ta Japan mai injin 1HD-FTE ba ta kai ML laushi ba, amma kowane gari akwai wanda ya san ta, kuma isber ɗinta, wato kayan gyara, na nan a kusa. Na Mercedes yawanci sai an aiko daga Sharja ko Jidda, motar tana zaune tana jira.

Saboda haka ML 320 CDI ta dace da mutumin da ke zaune a babban gari, mai bin kwalta, mai sayen mai a wuri ɗaya amintacce, wanda kuma ya riga ya san garejin da ke da kwamfutar Mercedes kafin ya sayi motar. Shawararmu ya ware kusan kashi ɗaya cikin uku na kuɗinta ya ajiye gefe. Duk aibin da ka gani ka rubuta shi, ka kai wa usta ya yi masa kuɗi, da wannan takardar za ka zauna da dillali. A makon farko a juye baƙin mai, lita 8.5, mai lamba 229.51 in tukunyar hayaƙi tana nan, a canza filtar mai da ta dizal da na iska biyu, man giya da filtarsa, man birki, da zoben bakin turbo. Daga nan baƙin mai kada ya wuce kilomita 5,000 zuwa 7,000 komai abin da allon mita ya ce, filtar dizal kuma a canza ta duk juye na biyu, a bar guda ɗaya sabuwa da bel a cikin but saboda doguwar tafiya.